Tsohuwar da Auta Ta Yi wa Aiki

Shekara shida cur Auta ta yi tana jinyar mahaifiyarta, kuma a shekarun nan shida babu mahaluƙin da ya taɓa ganin yadda ake yi. Tun ranar da Inna ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo, ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, ta kafa doka da 'yar muryar da ta rage mata: in za a gyara ta, a rufe ƙofa, a saki labule. Yaya, babban ɗanta, wanda a gidansa suke zaune, daga waje yake tsayawa sai an ce ya shigo. Matarsa, wadda kowa ke kira Anti, tana kawo abinci, tana zama a yi hira, amma ko zanin gadon Inna ba ta taɓa wankewa ba. Kada a ɗauki alhakinta, ba ƙyuya ba ce, hana ta aka yi.

Ai dole. Inna fa tela ce a zamaninta, mace mai tsaftar da har takan ba mutane haushi, wadda in ta ga zare a kafaɗar baƙo sai ta cire masa kafin ta amsa gaisuwarsa. To irin wannan matar ce aka wayi gari ba ta iya riƙe fitsari, balle abin da ya fi shi. Duk abin da ya rage mata na mutunci yana bayan wannan ƙofar, kuma autarta ce kaɗai ke shiga.

Ita kuwa Auta shekararta talatin da uku, aurenta ya mutu tun kafin ciwon, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Jinyar ba ta taɓa gundurar ta ba. Miƙa hannu ne ya ishe ta. Sabulun wanka ma sai ta jira Yaya ya dawo daga aiki, ta karanci fuskarsa tukuna, ta ga ko yau ranar tambaya ce. Ba ya hana ta, gaskiya. Amma yana da wani dogon numfashi da yake ja kafin ya sa hannu a aljihu, kuma wannan numfashin ya fi zagi ciwo.

Anti ce ta zo da labarin. Wani asibitin kuɗi ya buɗe sashen tsofaffi da masu shanyewar jiki, suna neman mata huɗu masu kula da su, daga safe zuwa yamma.

"Ke fa aka yi wa aikin nan," in ji Anti. "Ki nema. Ni zan riƙe Inna da rana, in dai za ta yarda."

Da Auta ta kai wa Inna maganar, tsohuwar ta dubi silin ta ce, "Je ki." Kalma biyu ke nan, ba ta ƙara ba. Batun wanda zai riƙa gyara ta da rana kuwa, daga ita har 'yar tata ba wanda ya taɓo shi.

A bakin titinsu akwai wani shago mai kwamfuta biyu da injin kwafin takardu, inda duk mai neman aiki a unguwar yake zuwa a buga masa takardar tarihin aiki. Mai shagon, wani siririn mutum da ake kira Sakatare, ya fi shekara goma sha biyar yana wannan sana'a, kuma a bakinsa rabin ma'aikatan garin shi ya sama musu aiki. Ya gyara tabarau, ya ɗora yatsu a kan madannai.

"Ina da ina kika taɓa aiki?"

"Ban taɓa ba. Mahaifiyata nake jinya, shekara shida."

Sakatare ya janye hannuwansa, ya dube ta da tausayi irin na wanda ya ga mutum zai shiga ruwa da takalmi.

"Haba 'yar'uwa! Wa ba shi da uwa? Mata ɗari za su zo, hamsin za su ce sun yi jinyar uwa, talatin su ce kaka. A wurin mutanen nan wannan zaman gida ne, ba su lissafa shi a aiki. Kina buɗe baki kika ce mahaifiyata, sun riga sun manta da fuskarki."

Ya juya ya yi ta ƙwanƙwasa, sannan ya karanto mata: mai jinya ta musamman a gidan wata attajirar tsohuwa, tsawon shekara shida.

"Ai wannan ƙarya ce," in ji Auta.

"Ina ƙaryar? Ba ki yi jinyar ba? Ba shekara shida ba ne? Tsohuwar kawai muka canza wa riga. In sun ce me ya raba ku, ki ce wa'adin aikin ne ya cika." Ya zaro takardar daga inji, ya hura ta duk da ba abin da ya jiƙe. "Kuma ki ji da kyau. Kada ki je ki zauna musu sukuku kamar kazar da ruwa ya daka. Ki ba su labarin da in sun koma gida za su tuna da ke. Wanda aka tuna shi ake ɗauka, sauran duk takarda ce."

Ranta bai so ba. Amma ta karɓa, ta sa a jaka, don ita ma ta san ba ta da wata takardar sai ta sakandare, wadda har ta fara cin gefe.

Ranar ganawar neman aikin ta tashi da wuri, ta yi wa Inna wanka, ta shafa mata mai a ƙugu da dugadugai, ta sa mata sabon ƙunzugu, ta ninka wasu biyu ta ajiye a inda Anti za ta gani. Inna ta bi ƙunzugun da kallo. Sai da Auta ta sunkuyo za ta yi sallama, sannan ta miƙo hannun hagu mai lafiya ta gyara mata wuyan riga.

"Ya karkace," ta ce, da maganarta mai fita a hankali ta gefen baki. "Kada su ce ba 'yar tela ba ce."

Tirƙashi! Da Auta ta isa asibitin sai ta ga ashe Sakatare gaskiya ya faɗa. Dogon barandar nan cike take da mata, wasu a kan benci, wasu a tsaye sun jingina da bango, kowa rungume da fayil. Aka ba ta lamba sittin da ɗaya. Matar da ke gefenta, wata doguwa mai fara'a, ta buɗe nata fayil ɗin tana jera takardu, kowacce a cikin ledarta: ta kwas ɗin taimakon jinya, ta agajin gaggawa, wasiƙun yabo daga asibitoci biyu. Auta ta danne 'yar takardarta a cinya.

Layin yana tafiya, rana tana tafiya. Mace ta shiga, minti uku ta fito tana gyara fuska. Da benci ya matso da Auta kusa da ƙofa, sai ta fara jiyo abin da ake yi a ciki, don ƙofar ba ta rufuwa sosai. Ta ji wata tana cewa, "Na yi jinyar kakata har ta rasu." Ta ji muryar namiji, a gajiye, tana cewa, "Madalla. Mun gode, za mu neme ki." Ta bayanta ta ce surukarta ta yi wa jinya. Ita ma za a neme ta. Har doguwar nan mai takardu a leda, minti biyar ta samu, ta fito tana cewa a yi mata addu'a.

Sai bayan azahar sosai aka kira sittin da ɗaya.

Mutum uku ne a bayan tebur. Manajan asibitin a tsakiya, mai ƙiba, ya sassauta wuyan rigarsa, gorar ruwa a gabansa ta kusa ƙarewa. A damansa wani matashin likita da idonsa ke kan waya. A hagunsa Babbar Sista, shugabar masu jinya, tsohuwar mace mai furfura a gefen hula, wadda fuskarta ba ta nuna ko ta taɓa jin abin dariya a rayuwarta. Can gefe akwai gadon asibiti, an kwantar da mutum-mutumin roba a kai, da labule mai taya da aka ture jikin bango.

Manaja ya karanta takardarta da ido ɗaya. Shekara shida a gida ɗaya, ba laifi. Wane irin ciwo? Shanyewar ɓarin jiki. Ta iya auna zafin jiki? Ta iya. Ya danne hamma da bayan hannu. Likita, ba tare da ya ɗago ba, ya ce, "Me ya fi ba ki wuya a wurin matar?"

"Wani lokaci takan ƙi cin abinci," in ji Auta. "Sai an lallashe ta."

Ba wanda ya ko motsa. Ta ga hannun Manaja ya tashi daga kan takardarta ya nufi fayil na gaba, ta ga leɓensa ya fara haɗa wannan "za mu neme ki" ɗin. Ta hango kanta a tsakar gida da yamma tana karantar fuskar Yaya, wata shekara shidan kuma. Sai kawai ta ji bakinta ya buɗe.

"Amma akwai ranar da ba zan manta ba, ranka ya daɗe. Ranar da ƙawayenta suka zo duba ta."

Hannun ya tsaya.

Abin da ya faru a wannan ranar, a gaskiyarsa, ga shi. Wasu mata uku da Inna ta yi wa ɗinki shekara da shekaru sun zo gaishe ta. Suna zaune ana hira, cikin Inna ya ɓaci, ba ta ko ji zuwansa ba. Wari ya fara tashi. Inna ta dubi Auta da wasu idanu da har ta mutu ba za ta manta da su ba, sannan ta ce wa baƙin kwatar bayan ɗaki ce ta toshe. Auta ta ɗauki butar shayi ta yi kamar ta yi tuntuɓe, ta juye ta a kan gadon da gangan, don ta samu dalilin fitar da su. Bayan sun tafi Inna ta yi kukan da ba ta yi ba ko ranar da ta faɗi, kuma kwana biyu ba ta yi magana ba. Su biyu kaɗai suka san wannan a duniya.

To shi Auta ta ɗauko ta shimfiɗa wa mutum uku da ba ta taɓa gani ba. Kuma da ma a yadda yake ta faɗe shi, da sauƙi. Ina! Sai da ta sa masa gishiri. Ta kwatanta yadda baƙin suke shinshina iska suna kallon juna. Ta karkace bakinta gefe ɗaya, ta sauke kafaɗar dama, ta langwaɓe hannu, ta fito da muryar Inna sak, har da yawun da ke taruwa a gefen leɓe: "Kwa-kwata ce... kwatar baya ce ta toshe."

Manaja ya fashe da dariya har ya sarƙe, ya kai hannu ga gorar ruwa. Likita ya kife wayarsa a kan tebur.

"Ke kuma sai kika yi yaya?"

"Sai na juye mata shayi a gado, ranka ya daɗe, na ce wayyo ku gafarce ni, ku ɗan ba mu wuri."

"Kai! Wannan ita ce dabara," in ji Likita. "Ka ji mai kai."

Wayyo Auta. Shekara shida ba wanda ya saurari zancenta har ƙarshe, balle ya yi dariya, balle ya ce tana da kai. Daɗin abin ya hau mata ka. Ba wanda ya ce ta ƙara, ita ta ƙara. Ta ba su labarin yadda tsohuwar takan tura jiƙaƙƙen zani ƙarƙashin matashin kai da hannunta mai lafiya, wai don kada a gani, alhali warin ya riga ya tona ta. Ta ba su na yadda takan kira uwarta da ta mutu tun tuni in ana wanke mata gyambon ƙugu, tsohuwa mai furfura tana kiran uwa kamar 'yar yaye. Wannan ma sai da ta kwaikwaya. Da Manaja ya tambayi ina 'ya'yan matar suke, ta taɓe baki ta ce, "Su wa? Daga bakin ƙofa suke gaishe ta." Ta haɗa har da Yaya ke nan, mutumin da umarnin uwarsa yake bi.

Babbar Sista ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta jira har Manaja ya gama share hawaye, sannan ta nuna gadon da biro.

"Mun ji baki. Juya min wancan, ya kwanta ta gefen hagu."

Auta ta tashi. Daga nan kuma ba ita ke aiki ba, hannuwanta ne. Kafin ta taɓa komai sai da ta jawo labulen nan mai taya ta kare gadon daga ƙofa, abin da duk matan da suka shigo tun safe ba wadda ta yi. Ta murza tafukanta su yi ɗumi. Ta lanƙwasa gwiwar mutum-mutumin, ta ɗora masa hannu a ƙirji, ta naɗe gefen zanin gado a hannunta ta yadda zanin ne zai ɗauki nauyin ba fata ba. Ta sunkuya daidai kunnen robar, kamar yadda take yi sau takwas a kowace rana ta Allah, ta ce a hankali:

"Inna, zan juya ki. Riƙe ni da na hagu."

Ta juya shi sumul, ta sa matashi tsakanin gwiwoyi, wani a baya. Ta duba dugadugai, ta duba ƙugu, ta ɗaga kunnen da zai kwanta ta gyara shi don kada ya naɗe. Ta ja mayafi ta rufe shi har kafaɗa. Sai da ta miƙe sannan ta ga Babbar Sista ta taso tana tsaye a bakin labulen.

"Inna kike ce mata?"

Auta ta sha jinin jikinta. Sai yanzu ta ji abin da ta faɗa.

"Eh... haka kowa ke ce mata a gidan."

Babbar Sista ta dube ta ta saman tabarau, kallon da ya fi minti ɗaya a wurin Auta ko da a agogo bai kai ba. Sannan ta koma kujerarta ta rubuta wani abu.

"Ni dai na gamsu," in ji Manaja, yana murza hannu. "Abu ɗaya ya rage. Ba mu lambar wani daga cikin 'ya'yanta, mu ji ta bakinsu. Ƙa'ida ce kawai. Ko ita kanta ma, in tana iya magana a waya."

Wannan Sakatare bai koya mata ba. Lambar wa za ta bayar? Ta Yaya? A kira shi a ce ana tambaya ne game da 'yar aikin da ta yi wa mahaifiyarsa jinya? Ɗakin ya juya mata. Ga aikin a tafin hannunta, tana jin ɗuminsa, kuma tambaya ɗaya za ta ƙwace shi. Ta nemi ƙofar fita ta ko'ina, ba ta ga ko ɗaya ba sai wannan.

"Ta rasu," ta ce. "Wata biyu ke nan. 'Ya'yan kuma sun sayar da gidan, kowa ya kama gabansa."

"Ayya! Allah ya jiƙanta," in ji Manaja. "To, ta huta. Ke ma kin huta, wallahi."

Ya sa hannu a wata takarda ya miƙo mata. Ranar Litinin, ƙarfe bakwai, ta zo da hoto biyu. Ta durƙusa ta yi godiya, muryarta kamar ta wata. Tana kama hannun ƙofa ta ji takun Babbar Sista a bayanta. Matar ta rage murya yadda mazan ba za su ji ba.

"Hannunki na zaɓa, yarinya, ki sani. Da don bakinki ne, da kin bi sauran. A nan abin da kika gani a bayan labule, a bayan labule yake kwana. Waɗanda za ki riƙa juyawa iyayen wasu ne."

Ko matar ta gane uwarta ce tsohuwar, ko ba ta gane ba, Auta ba ta sani ba, kuma ba ta da ƙarfin tambaya. Ta dai ji da ma ƙasa ta tsage ta shige. Ta fito baranda, sai ga doguwar nan mai takardu a leda, ashe ba ta tafi ba, tana jiran ƙawarta. Ta hango takardar a hannun Auta, ta taso da fara'arta ta rungume ta.

"Kin samu? Kai, barka! Allah ya sa albarka. Amma don Allah me kika faɗa musu suke ta ƙyaƙyata dariya haka? Har nan muna ji. Ki koya mana mu ma."

"Ba komai," in ji Auta. Ta zare jikinta ta wuce.

A cikin bas ta samu wuri jikin taga. Takardar da ta yi mafarkin samu tana cikin jaka, ba ta ko sake buɗe ta ba. Abin da ke dawo mata shi ne bakinta, yadda ta karkace shi. Ta ɗaga hannu ta taɓa gefen leɓenta, ta ji ƙyamar kanta ta taso mata. Ita da ko maƙwabta suka tambayi jikin Inna, "da sauƙi" kawai take cewa. Yau ta tuɓe uwarta a gaban maza biyu don su yi dariya, da ta gama kuma ta kashe ta da bakinta. Ba wanda ya tilasta mata. Ta so ta ɗora wa Sakatare, abin ya ƙi zama, don shi attajira kawai ya rubuta, bai ce ta kwaikwayi kukan kowa ba. Da bas ta tsaya a bakin titinsu ta hango shi a ƙofar shago yana ɗago mata hannu, ta sunkuyar da kai ta bi ta ɗaya gefen.

Tun daga ƙofar gida Anti ta tare ta, fuska a ɓace.

"Gara da kika dawo. Wallahi na yi iya yina. Tun da kika fita ba ta ci ba, ba ta sha ba. Ko ruwa, Auta, ko kurɓa ɗaya. Na kai mata shayi sau uku tana juya kai. Na ce to in duba ta, ta damƙe mayafi da hannun nan nata ta ce in fita. Ni ban san laifin da na yi ba."

Auta ta san dalilin, kuma ba laifin Anti ba ne. Wanda bai sha ba, ba zai yi fitsari ba. Lissafin Inna ke nan.

Ta ajiye jakar a nan tsakar gida, ta ɗora ruwa, ta juye a roba, ta ɗauki tawul da sabulu. Ta shiga, ta rufe ƙofa, ta saki labule.

Inna tana kwance yadda ta bar ta da safe, ta gefe ɗaya, leɓunanta sun bushe sun yi fari. Hannun hagun har yanzu yana riƙe da bakin mayafin. Da ta ga wadda ta shigo sai yatsun suka saki. Auta ta fara ɗaga kanta ta ba ta ruwa da cokali, ta gefen bakin da ke aiki, tsohuwar tana haɗiya da sauri har tana sarƙewa. Sannan ta yaye mayafin. Duk ƙishin da Inna ta sha bai hana komai ba. Ƙunzugun ya jiƙe tun tuni, zanin ma haka, fatar ƙugunta ta yi ja saboda daɗewa a cikin lema.

"Kin samu?" in ji Inna.

"Na samu, Inna. Litinin zan fara."

Rabin fuskar da ke motsi ya yi murmushi, har ido ya ƙanƙance.

"Na sani. Me suka tambaye ki?"

Auta ta tsoma tawul a ruwa, ta daɗe tana matse shi.

"Sun ce in nuna musu yadda ake juya mara lafiya."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ai wannan... ba wanda ya kai ki."

Ta fara goge ta, a hankali, daga ƙugu zuwa cinya. Inna tana kallon bango, tana tattara kalmomi, don doguwar magana aiki ce a wurinta, sai ta huta a tsakani.

"Yau na yi ta tunani. Daga Litinin... zan bar matar Yayanki ta yi. Yau ne kawai na kasa. Na so, na kasa. Amma zan koya." Ta numfasa. "Kada ki fasa don ni. Kin ji? Zan rufe ido, ta yi."

Hawaye suka zubo wa Auta, suna ɗiga a kan zanin da ya riga ya jiƙe. Inna ta ji ɗigarsu, ta lalubo da hannun hagu har ta samu kan 'yarta, ta dafa.

"Mene ne na kuka? Kin yi naki. Shekara shida... ba wanda ya gani. Ba wanda ya ji. Ko Yayanki." Yatsun suka ɗan matsa. "Allah ya rufa miki asiri, Auta, yadda kika rufa min."

Auta ta tsaya cak, tawul a hannu. Ta buɗe baki za ta faɗi gaskiya, ta dubi busassun leɓunan nan da suka yi wuni guda ba ruwa, ta ga in ta faɗa, nauyin ne kawai za ta sauke daga kanta ta ɗora wa tsohuwar. Ta rufe bakin.

"Ba ki amsa ba," in ji Inna. "Addu'a nake miki. Ki ce amin mana."

Hannun yana kanta, yana jira. Kuma Auta ta san sarai abin da za ta roƙa wa kanta in ta amsa.

"Amin, Inna," ta ce.